Wushiryar da Waya Ta Rufe

Wushiryarta na fara gani, kafin ma in lura da lafayar da ta yafa. A keke mai ƙafa uku ne, a hanyar Dusuman. Ta yi wa mai keken dariya, ni kuwa har na wuce inda zan sauka. A littattafan soyayyar da na taso da su, mai wushirya ita ce sarauniyar kyau, sai na ɗauka nawa labarin ya fara.

Bayan an sa mana rana, na je zance da rake a leda. Ta yi murmushi, sai na ga waya ta ɗaure haƙoranta da ƙananan ƙarafa. Ledar ta suɓuce daga hannuna.

"Hatsari kika yi?"

"Likitan haƙori ne ya sa min. Zai jera su, ya rufe giɓin nan."

"Giɓi? Wasu matan har zuwa suke a fiƙe musu haƙori don su samu irinta."

"Malam, kai kallo kake yi, ni ke tauna da su."

Kusan shekara biyu ba rake, ba kilishi. Duk wata a ƙara ɗaure wayar, ta wuni da kunu saboda ciwo. Ni nake raka ta, ina kallon wushiryar tana ƙanƙancewa har ta ɓace.

Yau ita ce uwar 'ya'yana, haƙoranta reras, dariyarta ba rufe baki. Babbar 'yarmu ta gado wushiryar, uwar kuma har ta fara zancen likita.