Na'urar da Ta Yi Shiru a Ɗakin Mata

Saloma Ezekiel 'yar garin Manga ce, nas a ɗakin mata na wani ƙaramin asibiti a Zuru. Tun da aka kafa na'urorin da ke auna bugun zuciya da numfashi a gefen gadaje, masu maƙalin da ake sa wa majinyaciya a yatsa, kunnenta bai huta ba. Majinyaciya ta juya, na'ura ta yi ƙara. Ta yi tari, ƙara. Mai baƙin lalle a yatsa kuwa, tata wuni take yi tana tsuwa. Saloma ta ce ko a gida tana tuƙa tuwo sai ta ji tana waiwaye. An kai kuka ofis, aka ce injiniya na nan zuwa.

Wata Lahadi da rana aka kwantar da Bushira daga Wasagu, ta haihu jini bai tsaya sosai ba. Surukarta Inna Talle ce ke jinyarta. Na'urar gadon ta yi ta ihu, nas biyu ga ɗaki cike, kowacce ta wuce ta danna ta yi gaba. Can sai ta yi tsit. Ɗaki ya ji daɗi.

Shirun ne bai kwanta wa Saloma ba. A allon na'urar komai lafiya lau, amma leɓen Bushira ya yi fari fat. Ta bi wayar maƙalin da hannu ƙarƙashin zane, sai ga maƙalin a yatsan tsohuwa.

"Inna, wa ya ce ki sa wannan?"

"'Yata, abin ya hana yarinya barci. Ni da na sa, ba ga shi ya yi hankali ba?"

Saloma ba ta tsaya faɗa ba. Ta yaye zanen, katifa ta jiƙe sharkaf. Aka ruga da Bushira, aka ƙara mata jini, ta rayu.

Abin da ke ɓata wa Saloma rai har yau shi ne abin da ya biyo baya. Aka yi wa tsohuwa tsawa a gaban jama'a, aka liƙa wa na'urorin filasta a baki don ƙarar ta ragu, magana ta ƙare. Injiniya bai zo ba. Dabarar Inna Talle kuma ta bazu tsakanin masu jinya.

Yanzu Saloma ba ta fara duban allo. Sai ta bi waya ta ga yatsan wa ke ciki.