Orait ɗin Kakana

Jiya ruwan shuka ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tuno mini da kakana. Kalma ɗaya ta Ingilishi ya kawo mana Yekuwa daga ci-rani a Kano: orait. Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake sallamar baƙo, da ita yake raba faɗa. Mu 'yan lakwal, wato makarantar boko, masu Faransanci dariya muke yi masa.

Bayan farin shekarun saba'in, irin geronmu ƙwarya ɗaya ya rage. In muka shuka ruwa ya ɗauke, shi ke nan. Da aka yi ruwa, ya ja ni gona, ya tsuguna ya tona rairayi har gwiwar hannu, ya dunƙula ya sansana.

Na ce, "Kaka, a shuka?"

Ya shafa mini ƙasar mai sanyi a goshi, ya ce, "Amaryata, orait."

Muka shuka. Geron nan muka ci har wata damina.

Allah ya sanyaya makwancinsa kamar ƙasar ran nan. Allah ya sa ranar hisabi shi ma a ce masa orait.