Ɓarar Gyaɗa da 'Yar Farina

'Yar farina ba a hannuna ta tashi ba. Ana yaye ta, uwata ta ɗauke ta zuwa garinsu Zakka, kamar yadda aka saba. Ita take kira Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa kama sunanta ba. Ko waya ta bugo, babanta nake miƙa wa, in raɓe gefe ina sauraren muryarta.

Da ta gama jami'a sai ta ƙara gaba, karatun ba mutane shawara kan cututtukan da ake gada ta jini, irin su amosanin jini. Ni da na yi yaƙi da jahilci da girmana, iyakar abin da na gane, za ta riƙa zama da mutane tana bin asalinsu.

Wata shekara da kaka, ta zo mana Batsari duk ta rame. Babanta ya ce mini malamanta sun yaba karatunta, amma tana katse mutane in suna magana, kuma in ba ta gyara ba, ba za su yaye ta ba. Wai sun ce ta gwada da na gida.

Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta jawo kujera.

"Yaya, ki zama marar lafiyata mana."

"Ke, lafiyata lau. Je ki wurin Innarki."

"Inna ta ce ta ƙoshi da surutuna."

Na tura mata faifai. Da gyaɗa a gabanmu, ba sai mun haɗa ido ba. Ta ce in jera mata dangi da gyaɗa a tabarma, mai ɓawo namiji, ƙwaya mace. Na ajiye kakanni, na ajiye kaina da babanta, wanda ɗan kawuna ne. Sai ga kaza ta wafce ɗaya.

"Yaya, ta cinye Gwaggo!"

"Bar ta, in dai Gwaggonki ce, ba za ta haɗiyu ba."

Muka yi dariya har da hawaye. Da na zo kan 'ya'yana, na ɗauki masu ɓawo biyu na riƙe a hannu. Ƙannenta ne, waɗanda ciwon ƙashi, wato amosanin jini, ya ɗauke suna ƙanana. Na ga ta buɗe baki, sai ta rufe, ta ci gaba da ɓara. Shirun ya yi tsawo, ba ta taɓa shi ba. Can na ji kaina ina ba ta labarinsu, har da yadda ƙaramin yake son tsamiya. Sai da na ƙare ta ce, a hankali, jini ne ya haɗu daga nan da can, ba laifin kowa ba.

Bayan ta koma, wata rana da hantsi waya ta yi ƙara. Babanta ya miƙo hannu kamar kullum. Ban ba shi ba.

"Yaya, na ci! Sun yaye ni!"

Na ce, "Madalla, 'yata. To, ba ni labari, ina jin ki."