Malam Muntaka Mai Amya da Allon da Ba a Kafa Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Muntaka Balarabe a shekarar 1958 a Unguwar Ɗorawa, arewa da Dawanau. Mahaifinsa, Malam Balarabe, manomi ne mai rataya amya, wato gidan ƙudan zuma na saƙar ciyawa, sunan mahaifiyarsa Adama. Ya sauke Alƙur'ani a 1972, ya taɓa firamare zuwa aji huɗu, sannan ya koma bin mahaifinsa gindin bishiyoyi, har ya gaji amya goma sha huɗu.

Aure da Sana'a

A 1981 ya auri Aina'u 'yar Bacirawa, wadda suka rayu da ita har ƙarshen rayuwarsa. Kimanin shekara talatin, in dai batun zuma ya taso a yankin, sunansa ake fara kira, kuma gaskiyar magana shi ma yana son a kira ɗin.

Ƙungiya da Lambu

A 2014 yana cikin waɗanda suka assasa Ƙungiyar Taimakon Kai da Kai, wadda ta fara da yashe magudanai da katange maƙabarta. A 2016, da kabewa ta riƙa zubar da fure ba ta ɗaura 'ya'ya, shi ne ya bayyana wa jama'a musabbabin abin: gonaki sun haɗe, an sassare shinge, ƙudan zuma ya rasa abinci. Bisa shawararsa aka shuka riɗi da zogale da yakuwa da lalle a filin bayan masallaci, aka kuma kafa doka cewa kada a yi wa wake feshi da safe, lokacin da zuma ke kan fure, sai rana ta yi sanyi.

Lambu ya yi kyau. Sai dai shugaban ƙungiyar, Muhammadu Sani, ɗan ƙanin mahaifin Malam Muntaka kuma tsohon malamin makaranta, shi ke tarbar baƙi da yi musu jawabi, har bakin mutane ya kama “lambun Malam Sani”. Nan fa hassada ta shiga zuciyar Malam Muntaka, ta zauna daram. Aina'u ta ce kullum zancensa ɗaya: “Mutumin da ko harbin zuma bai taɓa sha ba, yau shi ne mai lambu.”

Shekarar Feshi

A 2018 ya ƙaurace wa taro, ya haramta ambaton lambun a gidansa. Sau uku ƙungiya ta aiko ya zo, sau uku yana sallamar ɗan aike tun bai buɗe baki ba. A watan Satumba, wakensa na tsakiyar fure, ya goya injin feshi da hantsi ya feshe shi a gaban kowa, ya kuma maimaita, don a san dokar tasa ce, ba ta hau kansa ba. Abin da fushi ya mantar da shi, amyoyinsa ne mafi kusa da gonar. Cikin mako guda matattun zuma suka rufe gindin ɗorawa kamar an sheƙe ƙaiƙayi, ragowar suka yi ƙaura. Daga lokacin bai sake hawa bishiya ba, kuma in zai je masallaci sai ya zagaya ta gabas don kada ya ga lambun.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban 1445, daidai da Fabrairun 2024, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki, aka binne shi a maƙabartar da ya taimaka aka katange. Ranar sadakar uku Muhammadu Sani ya fito da wani allo daga zaurensa, fentinsa har ya dusashe, an rubuta “Lambun Malam Muntaka, 2018”. Ya ce wa Aina'u: “Saboda wannan muka yi ta aikawa, mun so Yaya ya kafa da hannunsa. Bayan feshin jama'a suka ce sai ya zo da ƙafarsa, ni kuwa na yi ta jira.”

Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar: Muhammad Auwal, Asiya, Tajuddeen, Rukayya da Nana Maryam, da jikoki tara, da amya goma sha huɗu, dukkansu wayam. Allah ya gafarta masa.