Kyamara Biyu da Bijimin Kawu

Shekarar da na ƙudura sayen kyamara, wata huɗu cur na yi ba ni da zance sai nata. Ni malamin sakandare ne a Karaye, kuma tun da waya mai hoto ta shigo hannuna na zama mai hoton dangi ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Suna, walima, saukar karatu, ni ake kira. Rannan wata gwaggona ta dubi hoton da na ɗauke ta, ta ce, "Kai, hannunka da albarka yake." Da ta san abin da wannan magana za ta haifa, da ta riƙe bakinta. Daga ranar na fara ganin waya ta yi mini kaɗan.

Na shiga intanet na yi ta tono har na tsaya a kan guda biyu, irin waɗanda ake yi wa 'yan koyo, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya baƙa ce wuluk, ɗaya ruwan toka. Dukansu irin na zamani ne da ake ce wa marasa madubi. Manyan kyamarorin da, a cikinsu akwai wani ɗan madubi da ke ɗagawa idan an danna. Waɗannan an cire musu shi, shi ya sa ba su da nauyi. Baƙar an ce gwanar kama ido ce: ko mutum yana tafiya za ta bi ƙwayar idonsa ta fito da shi tar, har idon dabba tana ganewa. Ruwan tokar kuwa an ce kalarta ta fi daɗi, fatar mutum takan fito kamar ya sha mai, kuma allonta yana buɗewa gefe ya juyo.

Shi ke nan fa, na shiga uku. Da safe in tashi ina son baƙa, kafin azahar na koma ruwan toka. Na kalli bidiyo ba adadi, na mutanen da ke zaune a ɗaki mai sanyi suna ɗaukar hoton kofin shayi da kyanwa, wai su ne za su gaya mini abin da zai jure ranar Karaye. Na haddace kalmomin da ban san ma'anarsu ba, ina jefa su a hira. A ɗakin malamai, da na gyara murya sai ka ga kowa ya tuna yana da aji.

Matata ta fi kowa shan wuya, don ita ba ta da ajin da za ta gudu. Wata rana ina nuna mata hotunan biyun a karo na ban san nawa ba, sai ta ajiye tankaɗe ta ce, "Malam, lokacin da za ka nemi aurena, kwana nawa ka yi kana shawara?"

Na ce, "Kamar mako biyu."

Ta ce, "Ashe ni araha na yi." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Daga nan na kai maganar gaban yayana. Shi magatakardan dagaci ne a Yola, Yolar nan tamu ta Karaye, kuma ya yi imani da cewa duk abin da bai bi ta hannunsa ba bai tabbata ba. Na same shi a zaure, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da jaririyar da ya gani jiya. Sannan na karanto masa zancen kyamarorin.

Ya cire tabarau ya ce, "Me ka ce? Marar me?"

"Marar madubi, Yaya."

"Za ka ɗauki guminka ka sayi abin da masu shi da bakinsu suka ce ba su gama haɗa shi ba? Ko babur ne aka ce babu madubi ai ana rage wani abu."

Na yi bayani har yawuna ya bushe. Bai ji ko ɗaya ba, sai da na zo kan maganar kala. Nan ya gyara zama. Ashe yana da tsohon ciwo: a duk hoton taron da aka ɗauka a ƙofar dagaci, shi ba a ganin komai nasa sai hula da haƙora. Ya ce, "Ruwan tokar za ka saya. Na gama magana." Na fito na hau babur, kafin in kai gida na koma baƙa.

Akwai wani abokin karatuna da ke da shagon kayan hoto a Kano. Shi nake kira safe da yamma. Da ya ga zan kashe shi da tambaya, sai ya ce, "Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Rogo. Zan taho maka da su duka biyun, 'yan hannu ne amma lafiyarsu ƙalau. Ka yini da su, da la'asar ka dawo mini da ɗaya. Bayan nan in ka sake kirana a kan wannan magana, wallahi toshe lambarka zan yi."

Ranar Asabar na karɓe su da hantsi, na rataya ɗaya dama ɗaya hagu. Yaya ya ce sai ya bi ni, wai a matsayin shaida, ya sha babbar riga da aka buga jiya. Muka nufi Gwangwan, gidan kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu. Kawu makiyayi ne kuma manomi, yana da wani farin bijimi da yake ji da shi fiye da wasu 'ya'yansa. Ya daɗe yana damuna in ɗauki hoton bijimin nan. Ba sayarwa zai yi ba. Akwai wani amininsa a Tudun Kaya da suka yi shekaru suna gardamar wanda ya fi iya kiwo, shi yake so a tura wa hoton ya kwana da baƙin ciki.

Aka yi gaisuwa, rabi da Hausa rabi da Fillanci, aka dama mana fura. Kawu ya shiga ɗaki ya fito da rigar sallarsa da sanda, ya je ya tsaya a gefen bijimin da ke ɗaure a gindin ɗorawa.

Na fara da ruwan toka. Kawu ya fito fes, kamar ɗan takara a jikin fosta, har na ga ya rage shekara goma. Amma bijimin ya kaɗa kai daidai lokacin da na danna, fuskarsa ta fito kamar an shafe ta da tsumma. Na ɗauko baƙa. Ina ɗaga ta sai wani ɗan koren akwati a jikin allo ya tsallake Kawu ya dira a kan idon bijimin. Na danna. Gashin idon dabbar nan sai ka ƙirga shi, har ƙudan da ya zauna a gefen hancinsa ya fito da fukafukansa. Kawu kuwa ya ɗan dushe, kamar wanda ya zo wucewa.

Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Wannan tana da tarbiyya. Ta san babba."

Yaya ya ce, "Haba Kawu, ai kai ba ka fito ba."

"Ni kowa ya san ni. Shi ake son gani."

Sai Yaya ya ce a gwada da shi. Ya gyara hula, ya saɓa riga, ya yi irin tsayuwar da yake yi idan hakimi zai zo. Na ɗaga baƙa, koren akwatin ya bar shi ya koma kan bijimin da ke bayansa. Muka canja wuri, ya kama wata tunkiya. Muka sake canjawa, ya gano wani zakara a kan danga. Ashe akwai inda ake gaya mata ta bar dabbobi ta kula da mutane. Wata huɗu na yi ina karatu, amma ban san inda ake taɓawa ba. Na yi ta danne-danne ina gumi, har na mayar da rubutun cikinta wani yare da ban taɓa gani ba.

Yaya ya ce, "Shekarata nawa ina aikin sarauta, yau na'ura ta fifita zakara a kaina."

Kunya ta kama ni, na ce bari in fanshe da hoto ɗaya da zai rufe bakin kowa. Na tuna masu bidiyon nan kan durƙusa su matso kusa, su ɗauki abu daga ƙasa don ya yi kwarjini. Na durƙusa a gaban bijimin, na buɗe allon ruwan toka gefe, ina matsawa da gwiwa. Kawu ya ce, "Ɗan nan, ba ya son a zo masa ta gaba." Na ce masa kada ya damu, akwai igiya. Igiyar kuwa ta fi yadda na zata tsawo.

Huci kawai na ji. Na miƙe na zuba a guje, kyamarori biyu suna dukan ƙirjina. Yaya da ke wa'azin natsuwa a kowane taro ya riga ni kaiwa bayan rumbu, babbar riga a hammata. Ni kuwa na taka ɗanyen kashin shanu, ƙafafuna suka yi sama. Baƙar ta faɗo a kan cikina, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ruwan tokar ta bugi turke, allon nan da na buɗe ya tsage tun daga kusurwa har tsakiya.

Kawu ya zo ya tsaya a kaina. Bai tambayi lafiyata ba. Cewa ya yi, "Hoton nasa dai yana nan ko?"

Da la'asar na sami abokina a Rogo, yana shirin shiga mota. Na miƙa masa su. Ya juya ruwan tokar, ya dubi tsagar, ya kunna ta ya ga tana aiki, ya shinshina ta, ya dube ni. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka zaɓa." Na ciro kuɗin da na zo da su na ba shi. Ya tura mini hoton bijimin a waya, ya saka baƙar a jaka, kuma na rantse a wannan lokacin babu abin da nake so a duniya kamarta.

Yaya ya bi gari yana cewa shawararsa na bi. Hotonsa da na ɗauka daga bisani yana rataye a zaurensa, ya fito da hanci da kumatu kamar kowa, kuma duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Aminin Kawu na Tudun Kaya ya ga hoton bijimin, ya aiko da cewa aikin kwamfuta ne. Ni kuma na koyi ɗaukar hoto ta cikin tsagaggen allo, inda kowane mutum yake fitowa da layi a goshi har sai an tura hoton cikin waya.

Bayan damina aka gayyace ni wani ɗaurin aure a Rogo. Ina isa sai ga wani ma'aikacin asibiti rataye da baƙar nan, ita ce dai, na gane ta da igiyarta. Ashe abokina ya sayar masa da ita tun a ranar, kafin ya bar garin. Na matsa na yi sallama, na ce ya ba ni in taɓa. Shi kuma idonsa yana kan tawa. Ya ce, "Malam, ita ce mai kalar nan? Wallahi ita na so, aka ce wani ya riga ni." Muka koma gefe muka yi musaya, yana yaba tawa ina yaba tasa, yana nuna mini inda ake kashe idon dabba, ina nuna masa yadda allo ke juyawa. Muna cikin haka muka ji an shafa fatiha, mutane sun fara watsewa. A cikinmu babu wanda ya ɗauki hoton ango.