Tsingaro, Sartse da Ɓarɓashi

Wata Litinin a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji na biyu a kolej ɗin Tawa, Madam Rahila ta rubuta kalmomin Ingilishi a allo: shard, splinter, chip, crumb. Ita ce malamarmu ta Ingilishi, Kirista daga wajen Maraɗi, doguwa mai sanyin murya. Ta ce kowa ya kawo jimla da kowace kalma ran Alhamis. Na duba tsohon ƙamus ɗin ajinmu wanda bangonsa ya yage, na tarar duk abu guda suke faɗi: ɗan guntun abin da ya fashe.

Hankalina ya tashi, domin Ingilishi ne ya kusa kayar da ni a bara. Kafin in baro ƙauyenmu Affala, babana ya faɗa mini a bakin rumbu, bai ko ɗaga murya ba: "In ka faɗi bana, sai ka bi yayyenka ci-rani Abija." Ni kuwa na ƙudura ba zan hau motar nan ba.

A gidan Goggo Hajo, ƙanwar babana, nake zaune. Ni ke ɗebo ruwa a famfo, in ba awaki harawa, in faskara itace kafin in samu in fita langa da yaran unguwa. Da yammar nan ina faskare ina bitar kalmomin a baki, sai wani siririn itace ya shige mini tafin hannu. Goggo ta ɗauko allura, ta danne hannuna a kan gwiwarta. "Sartse ne, tsaya shiru," in ji ta. Zafin bai hana ni lura ba: ba ta ce guntu ba. Na waiga tsakar gida. Ga tsingaron tulu da kaji ke shan ruwa a ciki, ga sakainar da take kwasar toka da ita, ga ɓarɓashin ƙuli-ƙuli a gindin faranti tururuwa na ja. Ashe mu ma ba suna ɗaya muke ba su ba.

Washegari na cika aljihun wandona da su. Da aka fita hutun safe na tare Madam a ƙarƙashin itacen bedi, na zube mata tarkacen a kan benci. Ƴan ajinmu suka kewaye mu suna dariya, wani ya ce na zama ɗan bola. Kunya ta kama ni, amma ban kwashe ba. Madam ta ɗauki tsingaron ta ce shard, ta taɓa sartsen ta ce splinter, ta lakaci ɓarɓashin da yatsa ta ce crumb, ta nuna ɓallin da ke gefen bencin ta ce chip. Da ta zo kan sakaina sai ta juya ta, sannan ta miƙo mini. "Wannan kam ban san sunanta da Ingilishi ba. Riƙe naka sunan."

Daga ranar, duk kalmar da ta gagare ni sai na nemo abinta na riƙe a hannu. Na ci jarrabawar shekarar, kuma ban ga Abija ba sai da na girma.

Yau a gidana roba ce ta ɗebo ruwa, roba ce ta wanke hatsi. In ta tsage a jefar, ba wanda ke raɗa mata suna. Kwanan baya ɗiyata ta tambaye ni mene ne sakaina, na zagaye gidan ban samu ko ɗaya da zan nuna mata ba.