Gwangwanin Zamzam na Yaya Idi

Misfala zuwa Jidda

Ana idar da sallar asuba a Harami na koma gidanmu a unguwar Misfala ɗaukar jakata. Na tarar da Inna zaune bakin ƙofa, gwangwanin Zamzam a cinyarta, an liƙe bakinsa da dalma. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Sale, kan kabarin yayanka za ka zuba. Kansa fa, ba kusa da shi ba."

Yaya Idi shi ne ɗanta na fari. Lokacin da muka baro Damagaram da ƙafa, ina saurayi, shi Faransawa sun riga sun ɗebe shi soja. Aka gama yaƙin Jamus, shiru. Sai a hajjin bara wani tsohon soja, Kofur Mamman, ya sauka gidan maigidana. Ya ce tare da Idi aka kama su a yaƙi, aka kai su saran itace cikin wani daji a tsakiyar Faransa, can tari ya kashe Idi lokacin sanyi. Ya gaya mini sunan ƙauyen, na yi ta maimaitawa har ya zauna. Tun ranar Inna ba ta sake barcin kirki ba.

Ku san aikina tukuna, don ku gane halina. Ni yaron muɗawwafi ne, masu yi wa alhazai jagora. Na sha ganin baƙo ya zo maƙabartar Ma'ala neman kakansa da ya rasu a hajji, wani ɗan jagora ya ja shi, ya nuna masa wuri da yatsa ya ce, "Ga shi nan." Alhali kabarin Makka ba suna ba alama! Baƙo ya yi kukansa, ya tafi yana godiya. Saboda haka ni mai nuna hanya ba ya burge ni, ko da rawani ya zo.

Marsai

A Jidda, jirgin ruwan da ke mayar da alhazan Aljeriya na shiga, a matsayin mai wanke tukwane. Kan teku ba abin da zan ba ku labari sai amai. A Marsai kuwa, bakin tekun Faransa, ni aka fara zargi. Ɗan duwan, wato mai binciken kaya, ya ɗaga gwangwanin ya girgiza a kunnensa.

"Mene ne ciki?"

Da guntun Faransancin da na tsinta a garin Fallomi kan hanyar Makka, inda muka yi zaman neman guzuri, na ce, "Ruwa."

"Ruwa? Ba mu da ruwa a nan?"

Ya ɗauko ƙusa zai huda. Wani Balarabe ɗan dako ne ya sa baki, ya yi masa bayani, sannan ɗan duwan ya turo mini kayana yana harara. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Dijon, gwangwani a ƙirjina, ko bayi ban shiga ba tare da shi ba.

Motar ƙauye

Da hantsi na sami motar haya da suke kira kar, wata tsohuwa mai tari a kowane hawa. Mata da kwanduna, kaji, da wani mutum mai ɗan alade cikin buhu, kuma duk motar nan sai kusa da ni ya ga dama ya zauna. Wata ta miƙo mini gurasa da jan abu a tsakiya. Na ce na gode, na ƙoshi. Ƙarya nake yi, yunwa kamar ta kashe ni, amma wa ya san abin da ke ciki? Dabinon da na taho da shi na yi ta tauna.

Muka bar gonaki muka shiga itatuwa. Jama'a, mutumin da ya saba da duwatsun Makka, inda kana hango mai zuwa tun yana can nesa, ba ya jin daɗin wurin da ba ya ganin taku goma gabansa. Direba ya tsaya a wata mararraba, ba gida ko ɗaya, ya ce in sauka.

"Ina ƙauyen?"

"Babu ƙauye. Sansanin baƙaƙen soja kake nema, ko? Bi hanyar nan. Ka ga fenti fari da ja a jikin itace? Kada ka rabu da shi. Kafin faɗuwar rana zan dawo ta nan, ba na jira."

Na ce a raina, to, an fara. Me ya sa bai tambaye ni kome ba ya san abin da nake nema? Daga baya ne na tuna, baƙin mutum da jar dara a dajin nan, me kuma zai kawo shi?

Cikin daji

Hanyar ƙafa ce, ganye ya rufe ta, ƙasa jiƙe. Ba rana, ba inuwa, sama duk reshe. Azahar ta yi ko ba ta yi ba, oho, gabas ma na rasa inda take, ni da na saba in leƙa kan soro in hango Harami. Na bi fentin nan itace bayan itace, na tsallake rafi kan gungume, takalmina na fata ya sha ruwa ya zama tsumma.

Sai hayaƙi, sai kare, sai wani tsohon Bature mai ƙona gawayi, gawayin ya mai da shi baƙi ƙirin har gira, idanu kamar na mage. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin. Na ƙara matse shi. Na ce ina neman inda aka rufe sojojin da suka mutu nan. Ya shiga bukka ya fito da gatari, ya yi mini alama in biyo shi. Tun daga nan na raɗa masa Baba Gatari.

Ba mu yi nisa ba ya bar hanyar fenti ya kutsa hagu. Na tsaya cik.

"Direba ya ce kada in bar fenti."

"Fenti na masu yawon shan iska ne," in ji shi. "Naka ba su nan."

Innalillahi! Gatari gaba, kare baya, ni a tsakiya da gwangwanin da kowa zai yi zaton zinariya ce ciki. Na bar tazara tsakaninmu, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina karya ƙananan rassa don in gane hanyar gudu. Ya tsinci wasu 'ya'yan itace masu ƙaya, ya ɓare ya ba ni. Sai da na ga ya haɗiye nasa na ɗanɗana. Daɗinsu kamar gurjiya, amma ban nuna masa ba.

Tsoron gatari ma ƙarami ne. Babban tsorona shi ne ya kai ni gindin wani itace ya ce, "Ga shi nan," in zuba ruwan Inna kan ramin zomo, in koma in ce mata na cika.

Muka fito wani ɗan fili da ƙaya ta cinye. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gatari. Na ja da baya har na taka kare. Ashe ƙayar zai sare. Ya yi ta sara yana haki, ni ina tsaye kamar gunki, har tudu uku suka bayyana, jere, kowanne da dutse a kai. Ba su bi layin filin ba, a karkace suke. Ya ce shi ya haƙa, amma 'yan'uwansu sojoji suka hana shi miƙe ramukan, suka yi ta gardama suna nuna masa wani gefen sama. Na gane, alƙibla ce.

Na ce bari in ɗana masa tarkon da na sani. Na nuna na tsakiya na ce, "Idi ne wannan, ko? Gajere, mai ƙiba?" Yaya Idi kuwa dogo ne siriri. Ɗan jagoran Ma'ala da tuni ya ce, "Shi ne, ya shehi, kamar ka sani!"

Baba Gatari ya girgiza kai. "Ban sani ba."

Na nuna na dama. Na nuna na hagu. Na roƙe shi, na ce uwarsa tana raye, ko zato ne ya faɗa mini.

"A nannaɗe cikin bargo aka kawo su, cikin mako ɗaya. Ban ga fuska ba. In na nuna maka ɗaya, ƙarya na yi."

Nan na zauna kan jiƙaƙƙen ganye na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Tun daga Misfala nake jiran wanda zai ruɗe ni, ga shi na zo wurin wanda ya ƙi, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Amma a lokacin ne na tabbata yayana yana nan.

Da ƙotar gatarin nan da ƙusa muka huda gwangwanin. Na raba ruwan uku daidai gwargwado, na yi musu addu'a. Tsohon ya cire hularsa ya tsaya gefe. Ya rako ni har fenti, na ba shi sauran dabinona. Shi ma sai da ya ga na ci ɗaya sannan ya kai baki.

Komawa

Na riski kar tana shirin tashi. Duk tsawon hanya, jirgin ƙasa da na ruwa, abu ɗaya nake juyawa: me zan ce wa Inna? Ta ce kansa, ba kusa da shi ba. In na ce "na zuba" na yi shiru, wa zai tona?

Na shiga Misfala da la'asar. Tana nan bakin ƙofa. Ta karɓi gwangwanin ta girgiza, ta ji wayam.

"Ka zuba a kansa?"

Na durƙusa na ce, "Inna, su uku ne. Ba wanda ya san wane ne shi. Na raba musu."

Hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Su biyun nan, wa ya taɓa kai musu?"

"Ba kowa."

"To, ai da ka ƙara gwangwani."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Kofur Mamman da ɗan dakon Marsai, da Baba Gatari wanda har yau ban san sunansa ba. Inna kuwa tun ranar, in ta yi ɗawafi, 'ya'ya uku take ambata.